Rediyo ko Facebook, wanne za ka kama in kuɗɗin bikin fim ba su da yawa?

Jama'a in kunka shirya bikin nuna finafinai nan Sakkwato kuma aljihu ba nauyi, hanya biyu ce gabanku, ko ku nufi gidan rediyo ko ku dogara ga waya.

Ni dai rediyo nike baiwa ƙarfi. Rima Radio ko Vision FM, in anka saka ku cikin shirin da jama'a ke bugo waya, maganar na kai Wamakko da Bodinga da Gwadabawa, har dattijon da bai taɓa buɗe intanet ba zai ji, kuma shi ne mai barin ɗiya nai su zo kallo. Kuɗin jingul, wato ɗan gajeren tallan rediyo, na da tsada gaskiya, amma hira daban take, ka rubuta takarda gajera mai rana da wuri da sunan finafinan, ka kai ma furodusa da kanka tun sati biyu kafin ranar, ka zo da darakta mai iya magana, wani lokaci sai su ɗauke ta a matsayin labari.

Facebook da TikTok kuwa data kawai suke ci. Fosta ɗaya da guntun bidiyo, ɗaliban jami'ar Danfodiyo su watsa a guruf-guruf na WhatsApp. Sai dai layk ba mutum ba ne, da yawan masu dannawa suna Kano ko Kaduna, ba su zuwa.

In kuɗin na abu guda ne, kai shi rediyo, sannan ka ɗauki bidiyon hirar da wayarka ka ɗora.