GARGAƊI: masu sayar da lambar yabo sun dawo, a yi hattara don Allah

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da 'yan fim da masu ƙungiyoyin tallafa wa marayu, don Allah ku tsaya ku karanta wannan kafin wani ya kwashe muku 'yan kuɗaɗenku.

Akwai wasu mutane da ke bin jama'a a WhatsApp da Facebook suna cewa wai "an zaɓe ka" za a karrama ka da lambar yabo ta Afirka ko ta duniya, gwarzon marubuci ko jakadan zaman lafiya ko su ce digirin girmamawa za su ba ka ka koma Dakta, ga takarda mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya da hoton wani babban otal a Abuja ko Dubai, kai kana gani ka ce ai Allah ne ya kawo lokacinka. To daga ka amsa sai a fara, kuɗin fom, kuɗin satifiket, kuɗin kujerar da za ka zauna a wajen taro, wasu kuma su ce ka sa masoyanka su jefa maka ƙuri'a amma kowace ƙuri'a sai an biya, wato wanda ya fi zuba kuɗi shi ne gwani ko da bai taɓa rubuta shafi ɗaya ba. Wasu ma ba taron sam, kana turawa a akawun ɗin wani mutum sai su toshe lambarka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne waɗanda suke farauta. Baiwar Allah ta shekara tana rubutu a waya ba wanda ya ce mata sannu, ko matashi yana tara wa marasa lafiya kuɗin magani, irin waɗannan su suke nema don sun san suna ƙishirwar a yaba musu. Wannan zalunci ne wallahi.

Kyauta ta gaskiya ita ke ba ka, ba kai za ka ba ta ba. Gasar adabi ta NLNG, kamfanin iskar gas na Nijeriya, da aka fara a 2004 dala 100,000 take bayarwa, Abubakar Adam Ibrahim ya ci ta a 2016, alƙalai ne sanannu suka karanta aikinsa. Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata ta BBC Hausa, tun 2016 ake yi, labarinki kawai za ki tura. Marigayi Sheikh Abubakar Gumi ya samu lambar Sarki Faisal a 1987 saboda hidimar Musulunci. Ita kuwa Nobel ba a yarda mutum ya gabatar da kansa ba, kuma sunayen waɗanda aka gabatar sai an shekara 50 ake buɗewa, don haka duk wanda ya ce ya ga sunanka a jerin bana ƙarya yake.

Kar ka ce ai ni ba za a yi min ba. A Ghana a 2020 wani mutum ya tara manyan mawaƙa da 'yan jarida ya raba musu lambobi da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya da Kofi Annan, suka yi ta hotuna, daga baya ofishin Majalisar a ƙasar ya fito ya ce bai san da zancen ba.

In saƙon ya zo maka ka tambaye su wa ya gabatar da kai, su waye alƙalan, wa ya ci bara, wane aikinka suka duba. Ka shiga shafin ƙungiyar da suka ambata da kanka ba ta adireshin da suka turo ba. Kar ka ba su BVN ko hoton fasfo ɗinka ko lambar da banki ya turo maka a waya. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa yau ɗin nan, ya ajiye rasit da hotunan hirar ya kai ƙara EFCC ko wurin 'yan sanda, kar kunya ta sa ka yi shiru don shirun nan su ke so. A tura wa sauran guruf-guruf don Allah.