Sharhi: yadda adireshin amsa na Gmail ya yi mana aiki a shagonmu na Jidda

Shagonmu a Jidda na aika kaya ne. Abaya, dabino, turare da dardumar salla muke ɗaurewa mu tura wa 'yan kasuwar Kano. Ni nake rubuta wa abokan ciniki imel, amma maganar kuɗi ta maigida ce, kuma ba ya son ta bi ta hannun kowa kafin ta iso shi. Abin da ya raba mana wannan gardama shi ne wani ɗan saiti a Gmail.

Kowace wasiƙar imel tana ɗauke da layuka a samanta. From shi ne wanda wasiƙar ta fito da sunansa. Reply-To kuwa shi ne inda amsa za ta tafi idan mai karatu ya danna maɓallin amsawa. In babu shi, amsar ta koma wa From. Akwai kuma Sender, na wanda ya tura a madadin wani, kamar magatakarda da ya aika takardar hakimi. Ba Google ya ƙirƙiro su ba, suna cikin ƙa'idar tsarin imel mai suna RFC 822 tun 1982, aka sabunta ta a RFC 5322 a 2008.

A kwamfuta na shiga saiti, ɓangaren asusu, wajen da ake gyara suna da adireshin aikawa, na sa adireshin maigida a matsayin na amsa. Shi ke nan. Takardar farashi ta fita daga wurina, amsar Alhaji na Kantin Kwari ta faɗa akwatin maigida kai tsaye. Kyauta ne, kuma tun da na saita bai taɓa ba mu matsala ba. Duk shagon da mutum biyu ke raba aiki haka, ina ba shi shawarar ya gwada.

Sai dai ƙofar nan da ta yi mana daɗi ita ɓarayi ke bi, kuma abin yana damuna ƙwarai. Gmail yana duba SPF, DKIM da DMARC, wato hanyoyin tantance sahihancin wasiƙa, tun Fabrairun 2024 ma ya tsananta wa masu tura wasiƙu 5,000 a rana. Amma binciken nan na tabbatar da inda wasiƙa ta fito ne. Babu ɗayansu da ke tambayar ko adireshin amsa na mai shagon ne. Ɗan damfara zai iya buɗe sabon asusu, ya rubuta sunan shagonmu a gurbin suna, wasiƙarsa ta wuce binciken lafiya lau, ya ce wai mun canza lambar asusun banki. An yi wa wani abokin cinikinmu haka, Allah ya sa ya kira maigida kafin ya tura ko kwabo.

Mutanenmu a waya suke karanta imel, suna kawai suke gani. Don Allah a riƙa taɓa 'yar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan mai aikawa, cikakken adireshi zai fito tare da na amsa. A kwamfuta kuma zaɓin Show original da ke cikin wasiƙar yana baje layukan gaba ɗaya. Mu dai mun sanar da kowa tun farko cewa adireshinmu biyu ne, nawa da na maigida, kuma canjin asusun banki sai an ji shi daga bakin maigida a waya.