Manhajar CIGALE: ta iya raba hasken taurari da na baƙin rami?

Galaksin da baƙin ramin tsakiyarsa ke haɗiyar iskar gas yakan yi haske sosai a zangon infared, hasken da ido ba ya gani, mai tsawon zango daga maikiron 8 zuwa 1000 (maikiron kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita). Ƙura ce ke fitar da hasken, amma wa ya ɗumama ta? Ko jariran taurari, ko ramin. CIGALE, manhajar kyauta da aka gina da Python a Marseille ta Faransa, cikin ayyukanta akwai raba wannan gardama.

Ƙa'idarta mai kyau ce: duk hasken da ƙura ta shanye daga taurari, dole ta mayar da shi a infared. Abin da ya yi saura sai a nemi mai shi. Ƙurar wuraren haihuwar taurari sanyi gare ta, kelbin 20 zuwa 50 (kelbin ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi), haskenta ya fi ƙarfi wajen maikiron 100. Gammon ƙurar da ke kewaye da ramin kuwa zafinsa na kaiwa kelbin 1500, shi ke cika tsakanin maikiron 3 da 30.

Sarrafa ta ba wuya, umarni huɗu ne: pcigale init, genconf, check, sannan run. A zuba hasken galaksin da aka auna da mJy (ma'aunin ƙarfin haske), a zaɓi sashen skirtor2016 don gammon, a gwada kusurwar kallonsa a digiri 30 da 70. Amsar tana cikin fracAGN, wato kason hasken infared da ke na ramin.

Inda ake tuntuɓe da yawa. Sashen dale2014, na hasken ƙurar taurari, yana da nasa fracAGN; in ba a mayar da shi sifili ba, an ƙirga ramin sau biyu. In babu ma'aunin tsakiyar infared, na na'urar hangen sama WISE a maikiron 12 da 22 ko na takwararta Spitzer a 24, lambar da za ta fito zato ce kawai sanye da rigar lissafi. Ma'aunin na'urar hangen sama Herschel a maikiron 250 kuma yakan haɗo da hasken maƙwabta, don faɗin ganinsa ya kai sakan 18 na kusurwa, sai lissafin haihuwar taurari ya kumbura. Kowane zaɓi da aka ƙara yana ninka yawan samfura, kwamfuta ta yi ta nishi.

Babban rauninta shi ne zaton cewa ƙura mai sanyi kusan duk ta taurari ce. A galaksi irin Mrk 231, inda ramin ke da ƙarfi ainun, wannan abin taka-tsantsan ne. In kason ramin ƙarami ne kuma, ba ta kama shi da kyau, don haka a kunna mock_flag, zaɓin da ke gwada ingancin amsa da bayanan gwaji, kafin a yarda da shi.