Kiɗan okestira don wasan bidiyo: abin da za ka saya da abin da za ka jinkirta

Kafin a zo maganar kuɗi, a fara sanin wasan. Mu ɗauka wasan yana kan takarda har yanzu: wani yaro ya tashi daga Birni, tsohuwar unguwar fadar Damagaram, a zamanin Sarki Tanimun, ya bi ayarin fatake zuwa Agadas, a hanya akwai rijiyoyi, akwai mahara, akwai guguwar yashi. Irin wannan wasa yana bukatar taken buɗewa, kiɗan cikin gari, kiɗan tafiya, kiɗan faɗa, sai gajerun sautuka na daƙiƙa 3 zuwa 5 don nasara da faɗuwa. In an haɗa, minti 10 zuwa 15 ne. Kuma mafi yawan masu bugawa a lasifikar waya za su ji shi. Duk abin da za ka saya, da wannan lissafin za ka auna shi.

Inda kuɗi ke yawan salwanta shi ne mutum ya ji tallar wani babban rumbun sauti a YouTube, ya saya, sannan ya tarar kwamfutarsa ba ta iya ɗaukarsa, data ma ba ta isa saukewa ba. Saboda haka daga kwamfuta za a fara.

Rumbun sautin okestira tarin dubban ƙananan fayiloli ne, kowace murya ta kowane kayan kiɗa an naɗe ta daban, a hankali da kuma da ƙarfi. Manhaja tana ɗora farkon kowane fayil a kan RAM, sauran tana janyo shi daga faifai lokacin da ka taɓa maɓalli. RAM mai GB 8 za ta yi aiki da ƙananan rumbuna na kyauta, amma da ka wuce layin kayan kiɗa 20 za ka fara jin ƙaras-ƙaras. GB 16 ita ce daidai ga aikin da muka lissafa. GB 32 sai in za ka shiga manyan rumbuna. Faifai kuwa SSD ne tilas. Tsohon faifai mai juyawa ba ya kawo sauti a kan kari, sai ka ji goge ya yanke a tsakiyar murya. In ta hannu za ka saya, a Kasuwar Dole ko wadda aka kawo daga Kano, sa a buɗe bayanta a gabanka. Siraran laftof da yawa an liƙe RAM ɗinsu a jikin allo, ba a ƙara musu. Mai kauri da gurbin RAM biyu ta fi siririya mai kyan gani.

Kwamfutar tebur ta fi arha in an kwatanta ƙarfi, amma a Damagaram laftof ce ta fi, don in an ɗauke wuta batirinta zai ba ka damar adana aiki. Zafi ma abin lissafi ne. A watan Afrilu da Mayu, in ya haura digiri 40, na'urar tana rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kiɗan da ya tafi lafiya da asuba sai ya riƙa sarƙewa da azahar. Ɗaga ta a kan wani abu iska ta shiga ƙasanta, kuma bayan hunturu a buɗe a share ƙurar da ta toshe fanka.

Sai manhajar haɗa kiɗa. Masu situdiyo da yawa sun saba da FL Studio, kuma wanda ya iya ta ba dole ne ya bar ta ba: allon zana muryoyinta mai kyau ne, wanda ya saya sau ɗaya kuma yana samun sababbin fitowa kyauta. Rauninta a aikin okestira shi ne in layuka sun kai 40 ko 50, kowane da salon bugu uku ko huɗu, tsara su yana cin lokaci. Cubase ta fi kowace sauƙaƙa wannan, shi ya sa masu kiɗan fim ke son ta, kuma tun fitowa ta 12 a 2022 ta daina bukatar makullin USB, sai dai cikakkiyarta tana da tsada. Logic Pro a kan Mac da iPad kaɗai take. Mu dai Reaper muke ba mai farawa shawara. Fayil ɗin saukewarta bai kai MB 20 ba, ana gwada ta kwana 60 ba a rage komai ba, lasisin mai ƙaramin ƙarfi dalar Amurka 60 ne, wajen jika 35 gwargwadon canjin ranar. Ba ta zo da kayan okestira ba, fuskarta kuma ba ta da ado, amma ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta, kuma tana fitar da fayiloli da yawa a bugu ɗaya, abin da aikin wasa ke bukata kullum. Wanda ya iya karanta rubutun kiɗa yana da wata hanya: MuseScore 4 kyauta ce, sautukanta na Muse Sounds ma kyauta, ya rubuta a can, ya fitar da kowane kayan kiɗa daban, ya haɗa a Reaper.

Rumbun sauti shi ne wurin da ya kamata a zauna a yi tunani. Na kyauta da ya fi dacewa da tsadar data shi ne BBC Symphony Orchestra Discover na kamfanin Spitfire, wanda aka naɗa a situdiyon Maida Vale a Landan. Wajen MB 200 ne kacal, kuma akwai dangin goge, na sarewa, na ƙaho da na ganguna. Abin da aka rage masa abu biyu ne. Kowace murya a ƙarfi ɗaya aka ajiye ta, don haka in ka ɗaga, ƙara ce ke ƙaruwa, launin muryar ba ya sauyawa, alhali ƙaho na gaske in an busa shi da ƙarfi tsagewa yake yi. Na biyu, babu naɗin zamewar yatsa daga wata murya zuwa wata, abin da ake kira legato, sai doguwar waƙar biyolin ta fito tsinke-tsinke. Ga kiɗan cikin gari da na faɗa, masu gajerun bugu, ya wadatar. Ga taken buɗewa mai ja a hankali, a nan ake gane shi. Ana iya cike giɓin da wasu na kyauta: The Free Orchestra na ProjectSAM don manyan bugu masu razanarwa, da VSCO 2 Community Edition, wanda ake buɗewa da manhajar Sforzando, don kayan kiɗa ɗai-ɗai.

Mataki na gaba shi ne Core na wannan okestira ta BBC, wajen GB 25, mai legato da matakan ƙarfi da yawa. Farashinsa ɗaruruwan dalar Amurka ne, amma kusan kowace shekara ana karya shi a ƙarshen Nuwamba, don haka babu dalilin saye a watan Yuni. Babban yayansa, Professional, ya haura GB 500, galibi saboda makirfo iri-iri da aka naɗa da su. Ga kiɗan da zai ƙare a lasifikar waya, wannan asarar data ce da faifai. Haka Hollywood Orchestra na EastWest, wanda ake samu ta biyan kuɗin wata-wata: kuɗin shiga kaɗan ne, amma ranar da katinka ya ƙi biya kayan za su rufe, aikin da ba ka fitar ba ya tsaya cak. In goge kaɗai kake son gyarawa, Cinematic Studio Strings ya yi suna wajen legato, sai dai muryarsa tana makara da kusan sulusin daƙiƙa a salon da ya fi ja, dole ka jawo layin baya kaɗan, in ba haka ba ganga tana gaba goge yana binta.

Akwai tarko ɗaya da ke kama mutane da yawa. Rumbuna masu yawa a cikin Kontakt, manhajar kunna rumbun sauti, suke aiki, kuma Kontakt iri biyu ne: Player na kyauta da cikakke na kuɗi. Rumbun da aka yi don cikakken, in ka buɗe shi a Player, minti 15 zai yi ya yi shiru. Karanta wannan layin a shafin kaya kafin ka biya. Su kuma rumbunan da ake turawa a faifai ba lasisi, ban da ƙwayar cuta da kan biyo su, ranar da wasan zai hau Play Store ko wani ya nemi sayensa za a tambaye ka haƙƙin kowane sauti.

Kibod ɗin kiɗa, mai maɓallai irin na fiyano, ba sai mai tsada ba, amma ya kasance yana da ƴar tayar nan ta gefen hagu. Ita ke aika saƙon CC1, wanda da shi ake kumbura murya a sassauta ta, kuma shi ne bambancin okestira mai numfashi da wadda ke kara kamar ogan. M-Audio Keystation 49 yana da ita. Ƙananan masu maɓalli 25 irin Akai MPK Mini sun fi dacewa da bugun ganga, hannu biyu ba sa sakewa a kansu. Wanda bai da kuɗin kibod yana iya zana layin CC1 da linzami, ya fi cin lokaci ne kawai. Kuma ko wane rumbu ka saya, ka rubuta abin da ɗan Adam zai iya bugawa: mai busa yana bukatar numfashi, kada ka ba shi murya ɗaya ta daƙiƙa 30, biyolin ba ya sauka ƙasa da muryar G3, celo, babban gogen okestira, kuma C2.

Yanzu ga inda muke ganin kuɗi ya fi amfani. Babu wani rumbun Landan da ke da algaitar fadar Damagaram, ko kakaki, ko gurmi, ko kalangun da ke magana. Wasan da ya tashi daga Birni, in ba a ji waɗannan a cikinsa ba, zai yi kama da kowane wasa. Kuɗin da za a ba Professional, in aka raba shi tsakanin makirfo ɗaya, akwatin shigar da sauti da sallamar makaɗa biyu ko uku, zai ba da abin da babu mai shi sai kai. Akwatin Focusrite Scarlett Solo ko Behringer UMC202HD mai rahusa duk sun isa. A makirfo, Shure SM57 ya fi masu tsananin ji irin na ɗaukar murya a situdiyo, don algaita da kakaki suna da ƙara sosai, kuma shi ba ya kwaso kukan janareto da kabu-kabu daga titi. Ana jabunsa da yawa, a saya a wurin da za a iya mayarwa. Ɗakin ƙasa mai tabarmi da katifa a jingine ya fi ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda ke mayar da amo mai kaifi. Kakaki a ja da makirfo mita 1 zuwa 2 daga bakinsa, a saita shiga yadda mafi ƙarfin busa ba zai wuce -12 dB ba. Kakaki da tambari kayan sarauta ne, ta hannun makaɗan fada ake bi da neman izini, kuma a rubuta yarjejeniya cewa sautin zai shiga wasa.

Matsalar da za ka tarar ita ce saiti. Algaita da gogen gargajiya ba a kan ma'aunin fiyano suke ba, in ka ɗora su kan okestirar da ka riga ka gama za su yi tsami. Kada ka murɗe muryar makaɗi da manhajar gyara, daɗin zai tafi. Fara naɗar shi, auna muryar da yake yawan sauka a kai da ReaTune, ma'aunin murya na cikin Reaper, sannan ka matsar da saitin okestira zuwa gare shi. A ƙarƙashinsa celo da kontirabas su riƙe murya ɗaya ko biyu masu tsawo, a rage cunkoson muryoyi uku-uku, a bar masa fili.

Kiɗan wasa zagayowa yake yi, domin ba ka san minti nawa mai bugawa zai yi a kasuwa ba. A saurin bugu 120 a minti, gaɓa mai bugu huɗu daƙiƙa 2 ce, gaɓa 32 daƙiƙa 64 ke nan, tsawon da ya dace da kiɗan tafiya. In ka yanke fayil daidai ƙarshen gaɓa, amsa-kuwwar bugun ƙarshe za ta gutsure, a ji ɗif a kowace zagayowa. Maganinsa ka jera kiɗan sau biyu, ka fitar da zagaye na biyu kaɗai, wanda wutsiyar na farko ta riga ta shiga kansa. Kada ka miƙa MP3, yana ƙara ɗan shiru a farkon fayil. Ajiye asali a WAV mai 48 kHz da bit 24, wajen MB 17 ke nan a kowane minti, a wasan kuma a sa Ogg Vorbis. In ana son kiɗan tafiya ya rikiɗe ya zama na haɗari da mahara sun bayyana, fitar da shi hawa uku, goge da gurmi, sannan ganguna, sannan ƙahoni, duk tsawo ɗaya da sauri ɗaya, wasan ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. FMOD da Wwise, manhajojin sarrafa sauti a cikin wasa, duk suna yin wannan, kuma duk suna da lasisin kyauta ga ƙananan ayyuka. FMOD ya fi saurin koyo ga wanda ya saba da manhajar kiɗa. In da Godot za a gina wasan, tun fitowa ta 4.3 a 2024 yana iya wannan da kansa.

A wajen saurare, lasifikokin situdiyo a ɗakin da ba a gyara ba ruɗi suke kawowa, gara hedifon mai rufe kunne irin Audio-Technica ATH-M40x ko Sony MDR-7506. Kowane kiɗa ka gama, tura shi a ƙaramar waya ka ji. Kontirabas da babbar ganga za su ɓace gaba ɗaya a can, don haka duk bugun da wasan ya dogara da shi a ninka shi da celo ko kalangu a sama. Sannan ka sauke ƙarar kiɗan ka ɗora takun raƙumi da maganar ƴan wasa a kai. In algaita tana danne magana, rage ta tsakanin 2 zuwa 4 kHz, ko ka ajiye ta don wuraren da babu mai magana.