Faifai, kaset ko waya: da wanne ya fi kyau a saurari manyan albam?

Wani ɗan'uwa a zauren nan, mazaunin Bukuru, ya kawo tambaya. Mahaifinsu ya rasu ya bar kwali biyu. Ɗaya cike yake da fayafayan garmaho, akwai na Fela, Bob Marley, Miles Davis da Ɗan Maraya. Ɗayan kaset-kaset ne, yawanci na Shata da Ɗanƙwairo, wasu ma da biro aka rubuta sunayensu. Yana so ya san ko ya sayi injin faifai ya saurare su yadda aka yi su, ko kuwa wahalar banza ce tunda waƙoƙin suna cikin waya.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, in tsabtar sauti kake nema, waya da sifika mai kyau sun fi faifai, kuma sun fi shi araha nesa ba kusa ba. In kuwa kana so ka ji albam a tsarin da mai shi ya gina shi, faifai na da abin da zai koya maka. Amma kwalin da ya fi buƙatar gaggawa shi ne na kaset, ko da yake ba shi ka fi damuwa da shi a tambayar ba.

Tsarin albam: fuska biyu da jerin waya

Abin da muke kira albam faifai ne ya haife shi. Tsohon faifan garmaho mai juyi 78 a minti bai ɗaukar abin da ya wuce minti uku zuwa biyar a fuska guda. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33⅓, wanda ke ɗaukar wajen minti 22 a kowace fuska. Daga nan mawaƙa suka fara tsara aikinsu kashi biyu, kowane kashi da mabuɗinsa da marufinsa. Dubi Exodus na Bob Marley, na 1977. Fuskar farko maganar imani ce da gwagwarmaya, ta biyu kuma ta karkata ga soyayya da zaman lafiya. Tashin da za ka yi ka juya faifan shi ne iyakar da ke tsakaninsu. Fela kuwa sau da yawa waƙa guda yake shimfiɗawa ta cinye fuska ɗaya, ganguna da ƙahonni su yi ta gini na mintuna kafin ya buɗe baki. Wanda ya saba da tsallake waƙa da yatsa ba zai kai wurin da maganar take ba.

A waya duk wannan ya zama jeri guda mai tsawo, amma ana iya gyara shi. Kashe maɓallin da ke cakuɗa waƙoƙi. Kashe wanda ke ɗora maka waƙar wani da zarar albam ya ƙare. Sannan ka duba saitin manhajar ka kunna wanda ke hana tsaiko tsakanin waƙa da waƙa, domin akwai albam irin su What's Going On na Marvin Gaye, na 1971, da aka ɗinke waƙoƙinsu suna shiga cikin juna. Tsaikon daƙiƙa biyu a tsakani yana yanke zaren. Idan aka yi waɗannan uku, fifikon faifai a wannan fanni ya ragu ƙwarai. Abin da ya rage masa shi ne yana tilasta maka ka zauna, kuma saƙo ba ya shigowa ta cikinsa.

Sauti

Akwai masu cewa faifai kullum ya fi. Ba haka ba ne, kuma dalilin a jikin faifan yake. Juyinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, amma da'irar tana ƙanƙancewa. A bakin faifai layin da aka yanka waƙar a cikinsa yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuma ya sauko wajen 20. Sautin da ake shimfiɗawa a fili mai faɗi dole a cusa shi a ƙasa da rabinsa. Shi ya sa waƙar ƙarshe a fuska takan yi ƙaiƙayi a kunne, musamman wurin harafin "s" da karan kuge, kuma shi ya sa masu tsara albam kan ajiye waƙa mai sanyi a can. Ga kuma ƙas-ƙas ɗin ƙura. A kiɗa mai cika kamar na Fela ba ka cika jin sa ba. A waƙar Ɗan Maraya kuwa, inda babu komai sai murya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, kowane ƙas sai ya fito fili.

Tsohon bugu ma ba lallai ya fi daidai ba. Kind of Blue na Miles Davis, na 1959, ya yi shekaru fiye da 30 ana sayar da shi alhali waƙoƙi uku na fuskar farko sun ɗan fi saurin da aka busa su, saboda na'urar ɗaukar ta yi jinkiri a ranar. Sai a shekarun 1990 aka gyara. In na Baba tsohon bugu ne, wanda ke wayarka ya fi shi kusa da abin da aka busa a ɗakin.

Inda faifai ke yin nasara shi ne wurin sabunta tsofaffin albam. Kamfanoni da dama sukan matse sautin don ya yi ƙara, sai tazarar da ke tsakanin wuri mai sanyi da wuri mai ƙarfi ta ɓace, ganga ta daina dukan ƙirji, kunne ya gaji da wuri. Idan manhaja ta nuna maka bugu biyu na albam ɗaya, saurari minti ɗaya na kowanne bayan ka daidaita ƙararsu. Kada ka yarda da wanda ya fi ƙara don kawai ya fi ƙara.

Ita waya, lissafinta na data ne. Albam na minti 45 a MP3 mai kilobit 128 a daƙiƙa yana cin wajen megabait 43, a mai 320 wajen 108, a cikakken ingancin CD kuma ya haura 470, ko kusan rabin haka zuwa kashi biyu cikin uku in an matse shi a FLAC, wato nau'in fayil da ke rage girma ba tare da rage inganci ba. Mai 320 ya isa kusan kowa. Wanda ke sauraro ta Bluetooth kada ya ɓata datarsa a kan FLAC, domin Bluetooth ɗin zai sake matse sautin kafin ya kai sifika. Kuma kuɗin da za a zuba a sifika biyu masu kyau, a ajiye su nesa da juna kamar mita biyu kana zaune a tsakiyar gabansu, ya fi kowane sauyin fayil tasiri. CD ma kada a raina shi. Sautinsa cikakke ne, ba ya cin data, kuma na gwanjo ba shi da tsada.

In ka ce sai ka sayi injin

Tarko uku ne ke kama mutane. Na farko wuta. Tamu bolt 230 ce mai bugun 50 a daƙiƙa, ta Amurka 120 mai bugun 60. Taransifoma tana gyara ƙarfin wutar amma ba ta taɓa bugun. Injin da motarsa ke bin bugun wuta, in na Amurka ne, zai juya a wajen 28 maimakon 33⅓, muryar kowa ta yi kauri ta ja jiki. Kafin ka biya, juya injin ka karanta abin da aka rubuta a bayansa. Na Ingila ko Turai ya dace da mu. Wannan irin motar kuma tana wahala a kan ƙaramin janareta, domin duk lokacin da firji ya tashi bugun wutar yakan sauka, sai ka ji waƙa tana tangaɗi. Injin da ke da na'urar daidaita gudu a cikinsa bai damu da wannan ba, shi ya fi dacewa da gidajenmu.

Na biyu amfilifaya. Abin da allura ke fitarwa ɗan mitsitsi ne, milibolt 3 zuwa 5, kuma tun wurin yanka faifan an rage masa kauri an ƙara masa kaifi da gangan. Dole ya bi ta ramin da aka rubuta Phono, ko ta ƙaramin akwatin da ke yin wannan aiki, kafin ya dawo daidai. Wanda ya soka shi a ramin Aux zai ji sauti siriri can ƙasa, ya ɗauka injin ya lalace. Akwai kuma siririyar waya ta uku da ke fitowa daga injin tare da wayoyin sauti biyu, ja da fara. A ɗaure ta a kusoshin da ke bayan amfilifaya, in ba haka ba gurnani ba zai bar ka ba.

Na uku nauyin allura. Yawancin masu kyau suna son giram 1.5 zuwa 2.5, kuma ana saita shi da dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannun da ke riƙe da allurar. Ƙananan injinan nan masu kama da akwatin tafiya ba su da wurin saiti, suna danna faifai da ninkin wannan ko fiye, ga allura mai saurin dakushewa. Muna roƙonka kada ka ɗora fayafayan Baba a kansu. Rashin nauyi ma ɓarna ne, domin allurar takan yi ta tsalle a cikin layin tana gurje gefensa. Duk injin gwanjo, sauya masa allura tun ranar farko, tunda ba ka san awa nawa ta yi ba, kuma mai kan lu'ulu'u ma daga awa 500 zuwa 1000 ta gama aiki. In injin mai juya faifai da bel ɗin roba ne, duba bel ɗin, tsoho yakan saki ko ya narke ya zama kamar kwalta.

Yanayin Jos yana da nasa. Sanyin garin alheri ne, domin zafi ke lanƙwasa faifai, amma rana ta taga ko but ɗin mota za su yi masa illa ko a Filato. A jera su a tsaye, kada a kwantar da su bisa juna. Da hunturu iska takan bushe, faifai ya riƙa jan ƙura da kansa, don haka a share shi da burushi mai laushi kafin kowane sauraro. Da damina kuma fumfuna ce ke cin kwalin faifan da layin. Wanki da tataccen ruwa ake yi, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, ba mai asid ba, da ɗigon sabulun ruwa guda, a bi layin a zagaye, a kiyaye takardar tsakiya, a bar shi ya bushe a inuwa. In ka ci karo da faifai mai nauyi da tauri wanda aka rubuta 78 a jikinsa, ware shi. Sifirit yana narkar da shi, faɗuwa ɗaya ke fasa shi, kuma allurarsa daban ce, ta fi ta sauran kauri.

Kwalin kaset

A sauti kaset ne na baya duka. Zarensa siriri ne, yana tafiya santimita 4.76 kacal a daƙiƙa, ga huci a ƙarƙashin waƙa. Amma darajarsa a wajenmu ba a nan take ba. Exodus yana ko'ina a duniya, in naka ya fashe akwai dubbai. Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ba albam suke tsarawa ba. Waƙa suke yi a gaban jama'a, kuma waƙa ɗaya takan fito da tsawo daban da baituka daban gwargwadon wurin da wanda ke zaune. Jerin manyan albam na duniya ba shi da ma'aunin da zai auna wannan. Kaset ɗin da aka ɗauka a wajen biki ko daga rediyo, aka rubuta sunansa da biro, yana iya zama ɗaukar da babu irinta a intanet. Kuma zaren yana lalacewa ko ana amfani da shi ko ba a yi.

Kada ka fara da saka su a kowace rediyo. Da farko ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kowane kaset, don kada hannu ya taɓa maɓallin ɗauka a shafe abin da ke ciki. Duba ta tagar: in ka ga farin gari a kan zaren, fumfuna ce, ware shi don kada ya shafa wa sauran. Duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, in ya faɗi sautin zai dushe, sai a manna wani daga kaset marar amfani. Sa biro a ramin ka juya a hankali ka ji ko yana tafiya ba tare da tauri ba.

Sai injin. Abin da ke cin zare yawanci robar nan ce mai matse shi a jikin siririn ƙarfe mai juyawa. In ta yi ƙyalli ko ta taurare, zare zai naɗe a kanta. Goge kan injin, wato wurin da ke karanta zaren, da ƙarfen da audugar kunne da sifirit, robar kuma da ɗan ruwa, ka bari su bushe. Gwada da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba. Kowane na Baba, tura shi gaba har ƙarshe ka dawo da shi kafin ka kunna, don zaren ya saki. In sautin ya fito a dushe kamar an rufe sifika da bargo, akwai ƙaramar kusa a gefen kan injin, mai gyaran rediyo ya san ta. Ana juya ta kaɗan-kaɗan ana sauraro har kalangu ya fito da kaifinsa. Kaset da aka ɗauka a injuna daban-daban kowanne yana iya neman nasa saitin.

Ɗauka kuwa da kebul ake yi daga ramin fitar sauti na injin zuwa kwamfuta, ba a kanga wayar hannu a bakin sifika ba. Manhajar Audacity kyauta ce. Sa ingancin ɗaukarta a 44.1 kHz, ka daidaita ƙarar yadda wuri mafi ƙarfi zai tsaya wajen 6 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙara na manhajar, domin in ya taɓa sifili sautin ya fashe kuma ba ya gyaruwa. Ɗauki fuska guda a zama ɗaya, minti 30 a kaset mai lamba 60, minti 45 a mai 90. Ajiye asalin a WAV ko FLAC ba tare da ka goge hucin ba, ka yi kwafi biyu a wurare biyu, sannan ka fitar da MP3 don raba wa 'yan'uwa. Ɗauki hoton kwalin kowane kaset gaba da baya ka ajiye tare da fayil ɗin. In Baba ya rubuta gari ko shekara ko sunan mai bikin, sa shi a sunan fayil ɗin daidai yadda ya rubuta.