Wane maganin zazzaɓin cizon sauro ya kamata ka saya a wannan daminar?

Da zarar damina ta kankama, kowane kemis ka leƙa za ka ga maganin maleriya ne a gaban kanta, kala-kala, kowane kwali da hoton sauronsa. Najeriya ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duk duniya, saboda haka cinikin maganin nan babba ne, kuma inda ciniki ya yi kauri nan 'yan jabu ke yada zango.

A fara da gwaji. Ɗan abin da ake ɗiga jinin yatsa a kai, cikin minti 20 ya nuna ko maleriya ce. Ba kowane zafin jiki ne sauro ya kawo ba.

In gwaji ya tabbatar, ni zaɓina haɗin artemether da lumefantrine ne, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Coartem, Lonart da Amatem. Sunan kamfani ba shi ne abin dubawa ba, waɗannan kalmomi biyu za ka nema a jikin kwalin. Ɗayan yana saurin karya ƙwayar cutar, ɗayan kuma yana daɗewa a jini yana share ragowar. Shan sa sau shida ne cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sauran kuma safe da dare. Babba yana shan ƙwaya huɗu masu 20/120 (miligiram na magungunan biyu, kamar yadda aka rubuta a kwali) a kowane karo, ko guda ɗaya mai 80/480, wadda ta fi sauƙin haɗiya. Yaro kuwa da nauyinsa ake aunawa, daga kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, daga 15 zuwa 24 biyu, haka har sama. Abin da masu kemis da yawa ba sa faɗa shi ne maganin yana son maiƙo. A sha shi da madara, ko nono, ko bayan ƙosai, sannan jiki ke ɗaukarsa yadda ya kamata. Kuma a ƙarasa shi, ko da zazzaɓi ya sauka tun rana ta biyu. Ga ƙananan yara, a nemi ƙwayar da ke narkewa a cokali. Garin kwalba da ake zuba wa ruwa a yi ta ba yaro kwana uku, a 2025 hukumar NAFDAC ta daina yi masa rajista saboda ƙarfinsa na raguwa bayan an dama shi.

Sauran fa? Artesunate da amodiaquine yana aiki, sai dai wasu yana kwantar da su da kasala da tashin zuciya. Wanda ke da piperaquine, irin P-Alaxin, sau ɗaya a rana ne, ba laifi. Chloroquine kam zamaninsa ya wuce, cutar ta daina jin sa, ga ƙaiƙayi. Fansidar na masu juna biyu ne a wajen awo, don rigakafi. Allurar da mutane ke roƙo wai ta fi sauri, ba a kemis ya kamata a yi ta ba.

Amma duk wannan zaɓe-zaɓen aikin banza ne in abin da ke cikin kwalin alli ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe irin namu jabu ne ko marar inganci. Marigayiya Dora Akunyili, da ta riƙe NAFDAC daga 2001, 'yar'uwarta ta rasa sanadin jabun insulin, kuma har harbinta aka yi saboda yaƙin da ta ɗaura da masu wannan sana'a.

Mu ma ta taɓa cin mu. Ɗan yayata ya shanye kwali guda cur da aka sayo a wani shago, zazzaɓi bai ko gezau ba, sai da aka kwana da shi a asibiti ana ƙarin ruwa. Da na ɗauko kwalin na duba, ranar lalacewar da ke waje daban, ta jikin ledar ƙwayoyin daban, an liƙa wata 'yar takarda a kan ta ainihi. Mai shagon cewa ya yi, “Alhaji, haka aka kawo mana.” Tun daga nan ba na biyan kuɗi sai na buɗe a gabansu.

Ga abin da nake dubawa. Lambar rajistar NAFDAC, kuma ana iya bincika ta a Greenbook ɗin hukumar a intanet, don 'yan jabu ma suna buga lamba. Lambar rukuni da ranar lalacewa su zo ɗaya a kwali da leda. Sai wurin kankarewa mai ruwan azurfa: ka kankare, ka tura lambobin ta saƙon tes zuwa lambar da aka rubuta, a ba ka amsa nan take. In an riga an kankare, ajiye musu kayansu. Rubutu mai dishi-dishi, kuskuren harafi, ƙwaya mai marmashewa a hannu, duk alamu ne. Farashin da ya faɗi warwas ƙasa da na kowa shi ma abin tsoro ne, araha ba ta ado.

Wurin saye kuwa, kantin da ke da ƙwararren mai haɗa magani ya fi, sai kemis mai lasisin PCN, hukumar kula da harkar sayar da magani, a rataye. Mai tallar magani a faranti a tasha, da rana ke dukan kayansa tun safe, kada ka ko tsaya. A Kano dalilin da ya sa aka matsa wa dillalan Sabon Gari komawa sabuwar cibiyar sarin magani ta Dangwauro a 2024 ke nan, don a san hanyar da kowane kwali ya biyo. Tambayi mai kemis ɗinku inda yake sari.

In kuwa yaro ya fara jijjiga, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya kasa kama nono, a bar zancen kwali a nufi asibiti, can ake yin allurar artesunate.