Na sayi lambar yabon sojan Jamus ta 1914 a wani shagon tsoffin kaya a Kurmi, ga yadda muka kwashe

Tun da na sa hoton lambar nan a sitatus mutane suke ta tambayata a ina na samo, to a cikin kasuwar Kurmi ta Kano ne, wani ɗan shago a layin masu tsoffin kaya, in baka lura ba ma sai ka wuce shi don ƙofar duk an rataye ta da takubba da tsoffin linzamai. Mai shagon wani dattijo ne, kowa Baba yake ce masa. Ni anini da kwabo mai huji naje nema wa yarona da yake tarawa, sai da muka saba hira ya ce "ɗana tsaya kaga wani abu", ya jawo gwangwanin alawa daga ƙarƙashin benci, ciki lambobin soja ne an naɗe kowacce da tsumma.

Wadda na saya ita ce kuros ɗin ƙarfen nan na Jamus, Eisernes Kreuz suke ce mata, mai daraja ta biyu. Sarkin Prussia (wata tsohuwar masarautar Jamusawa) Friedrich Wilhelm na uku ne ya ƙirƙiro ta a 1813 lokacin yaƙi da Napoleon, aka sake fito da ita a 1870 sannan a 1914. Tawa a gaba akwai kambin sarauta a sama, harafin W a tsakiya wato Kaiser Wilhelm, sarkin Jamus na lokacin, ƙasa an rubuta 1914, in ka juya baya kuma FW ne da ganyaye uku da 1813. Baba ya dage wai lambar janar ce ba kowa ake ba ba, nace Baba kayi haƙuri, irin wannan a yaƙin duniya na ɗaya an raba wajen miliyan 5, har kurtu yana samu. Dariya kawai yayi, ya ce to ai ko kurtu ne ya sha wuta kafin a bashi, nace wannan kam gaskiya ne.

Abin da ya burge ni da shagon shi ne bai hana ni dubawa ba. Washegari na dawo da maganaɗisu na tsohuwar sifika da gilashin mai gyaran agogo, na zauna a bencinsa kusan awa guda ina jujjuya abu, har shayi ya aika aka kawo min. Ta asali ba zubi ɗaya bace, gida uku ce, baƙin ƙarfe a tsakiya sai firam biyu na azurfa da aka haɗa aka like shi a ciki, saboda haka maganaɗisu zai kama tsakiya amma ba zai kama zoben da ake zura ƙyalle ba, kuma in ka kalli gefen da kyau zaka ga wani siririn layi inda aka haɗa firam ɗin. Tawa duk ta cika wannan, ga ƴar tsatsa a kusurwa inda fenti ya ɗaye, a jikin zoben kuma an buga KO ƙanana sosai, alamar inda aka ƙera ta. Maganaɗisu kaɗai dai ba hujja bace, masu jabu ma sun waye suna sa ƙarfe. Ƙyallen baƙi mai ratsin fari ne kamar yadda ya kamata, amma sabo ne fil, ba na shekara ɗari da ƴan kai bane, shima bai musa ba.

Inda bamu shirya ba shi ne wata shuɗiya da ya ajiye daban a kwalin ashana, wai ita ce uwar tafiya. Pour le Mérite ce, wadda wani sarkin Prussia, Frederick Mai Girma, ya kafa a 1740, irin wadda aka ba Richthofen matuƙin jirgin yaƙi da Rommel wanda daga baya ya zama shahararren janar, a duk yaƙin 1914 zuwa 1918 waɗanda suka samu basu kai 700 ba. Wlh ina ɗauka naji ta sakayau kamar marfin lemo, mikiyoyin da ke tsakanin hannayen kuros ɗin duk sun cuɗe babu gashi babu baki, shuɗin kuma fenti ne kawai. Ta gaske kuɗinta sai ya sayi gida. Na gaya masa, ya ce shima haka dillali ya kawo masa, amma naga ya mayar da ita kwalinta bai sauke farashi ba, to wannan ban ji daɗinsa ba. Akwai kuma wata mai ruwan tagulla da takubba biyu an rubuta 1914 1918, yana sayar da ita a matsayin ta zamanin Kaiser, alhali shugaban ƙasar Jamus Hindenburg ne ya fito da ita a 1934, shekara 16 bayan an tuntsurar da sarautar.

Kowacce ka ɗaga sai ya ce daga Garwa aka kawo ta. Labarin ba wai ba zai yiwu bane, Jamus ta riƙe Kamaru daga 1884, sojojin da Ingila ta ɗiba daga nan ƙasar, da yawansu Hausawa, sun yi yaƙi a can, Garwa ta faɗi a 1915, waɗanda suka maƙale a dutsen Mora basu miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Amma babu takarda babu komai, ni ƙarfen na biya wa kuɗi.

Kuros ɗin ƙarfen da na saya ya sa masa dubu 150, na taya 70 ya ce albarka, muka yi ta ja har aka kira la'asar, ya sallama a 95. Baya karɓar tiransifa, sai da na fita neman mai POS. Shagon da duhu, in zaka je ka tafi da safe ka fito da kayan bakin ƙofa ka duba a rana. Ya ce bayan sallah za a kawo masa wasu daga Maiduguri, na bar masa lambar wayata.